Kilomita 900 bisa keke a bakin kogin Luwar

Kogin Luwar shi ne mafi tsawo cikin kogunan Faransa. Yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse mai suna Gerbier de Jonc, a kudancin ƙasar, ya miƙe arewa kamar mai niyyar zuwa Paris, sa'an nan da ya kai birnin Orleyan sai ya karya ya bi yamma, har ya zuba cikin tekun Atlantika bayan ya ci kilomita dubu da ƴan kai. Wanda ya san kogin Isa da rani ba zai ji baƙunta a gabansa ba: faɗi ne da shi ba zurfi, ga tsibiran rairayi a tsakiya, ga rassan ruwa da ke rabuwa su sake haɗuwa. A bakin wannan kogi ne jihohi biyu na Faransa, Centre da Pays de la Loire, suka shirya tun 1995 su shimfiɗa hanyar masu keke. Sunanta La Loire à Vélo. Tana farawa daga ƙauyen Cuffy, kusa da Nevers, inda kogin Allier ya faɗa cikin Luwar, ta ƙare a Saint-Brevin, bakin teku. Tsawonta duka, haɗe da rassanta, wajen kilomita 900 ne, wato kamar daga Yamai zuwa Damagaram.

Sai mu fara da gaskiyar magana, domin masu tallar yawon buɗe ido ko'ina sukan ƙara gishiri. Ba duk kilomita 900 ɗin ne aka hana wa mota ba. Akwai sassan da suke kira “hanya tsanwa”, inda babu mai shiga sai mai keke da mai tafiya a ƙasa, an kafa ƙarfe ko itace a bakin hanyar don kada mota ta kutsa. Akwai sassan da aka bar wa mazauna wurin da manoma su wuce da motocinsu da taraktocinsu, sannu a hankali. Akwai kuma ƙananan hanyoyin ƙauye da ake rabawa da kowa, ga kuma shiga manyan birane inda mutum ke komawa cikin hayaniya ko ya so ko ya ƙi. Amma duk da haka, mutum yana iya yin awa ɗaya ko biyu bisa kwalta mai santsi bai ji ƙarar inji ba, sai kukan sarƙar kekensa da na tsuntsayen ruwa. Wanda ya saba da tuƙa keke tsakanin kamiyo da ƴan kabu-kabu, kunnensa a baya, idonsa a gaba, sai ya yi kwana biyu kafin wuyansa ya daina waiwaye.

Hanyar ba ta da hawa sai kaɗan. Abin da ke wahalar da mutum iska ce. A wannan kwari iska ta fi busowa daga yamma, daga teku, saboda haka wanda ya bi ruwa ya gangara, kamar yadda na yi, yakan sami iskar a ƙirji tun daga hantsi har la'asar. Wannan iska dai ita ce ta azurta kwarin shekaru ɗaruruwa, kuma za mu komo kanta.

Kwanakin farko, daga Cuffy zuwa Briare, hanya tana bin ko dai bakin kogi ko bakin wani kanal da aka haƙa kusa da shi don jiragen kaya. Ana wuce La Charité da tsohuwar gadarta ta dutse, ana hango garin Sancerre bisa tudu, gonakin inabi sun kewaye shi. A Briare akwai abin kallo na gaske: gada wadda ruwa ke gudana a bisanta. Kanal ne aka ɗora bisa kwarkwaron ƙarfe mai tsawon mita 662, ya ƙetare kogin ta sama, jirgi na wucewa bisa, kogi na wucewa ƙasa. An buɗe ta a 1896, kuma kamfanin Eiffel, mai hasumiyar Paris, shi ya gina ginshiƙanta. Na ƙetare ta ina tura keke, don wurin ba na gaggawa ba ne. Abin tausayi, lokacin da aka gama wannan gada, cinikin da aka gina ta dominsa ya riga ya fara mutuwa.

Ƴan uwanmu ma'aikatan hukuma za su so su tsaya a Sully, gaba kaɗan. Fadar da ke nan, wadda ruwa ya kewaye, ta wani waziri ce na sarki Henri na 4, wanda aka fi sani da sunan garin, Sully. A 1599 sarki ya naɗa shi babban mai kula da hanyoyin ƙasar, ya shiga gyaran hanyoyi da gadoji, ya sa aka dasa itatuwa a bakinsu. A zamaninsa ne, a 1604, aka fara haƙa kanal na Briare don a haɗa Luwar da kogin Seine mai ratsa Paris. Ba a gama aikin ba sai 1642, bayan an kashe sarkin kuma wazirin kansa ya mutu. Shekara 38 ke nan ana aiki guda, ya tsaya, a sake ɗaukarsa. Masu cewa a ƙasashenmu kaɗai aiki ke daɗewa sai su riƙe wannan. Bambancin dai shi ne wannan an gama shi, kuma har yau akwai ruwa a ciki.

Tun daga nan mai keke zai lura cewa sau da yawa ba a ƙasa yake tafiya ba. Yana bisa wata doguwar ganuwa ta ƙasa, kogi a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuwa gonaki da gidaje can ƙasa, har yakan hango rufin ɗaki daidai da ƙafarsa. Wannan ganuwa, wadda suke kira levée, ita ce ƙashin bayan kwarin, kuma ita ce ta ba hanyar keke mafi kyawun sassanta. Ba don masu yawo aka yi ta ba. Luwar kogi ne mai fushi: da zafi sai ya janye har yaro ya ga kamar zai taka ya wuce, amma in ruwan duwatsun kudu ya haɗu da ruwan da iskar teku ta kawo, sai ya cika ya tumbatsa cikin ƴan kwanaki. Tun wajen 1160 Henri na 2, sarkin Ingila wanda kuma yake riƙe da ƙasar Anjou, ya zaunar da mutane bisa ganuwar, ya ɗauke musu aikin soja bisa sharaɗin su riƙa gyaranta. Dabara ce mai kyau, domin wanda ɗakinsa ke bisa ganuwa ba ya bukatar a tuna masa ya toshe ɓaraka. Sarakunan da suka biyo baya suka yi ta ƙara mata tsawo da tsayi, har ta kai ɗaruruwan kilomita.

Sai dai ruwa yana da nasa lissafi. Duk lokacin da aka matse kogi tsakanin bango biyu, ruwan da a da yake bazuwa cikin fadama ba shi da wurin zuwa sai sama. A ƙara wa ganuwa tsayi, ruwa ya ƙara tsayi. Ranar da ta fashe kuwa, ɓarnar ta fi ta da, saboda mutane sun amince sun gina gidaje a bayanta. Sau uku cikin shekara ashirin kogin ya koya musu wannan karatu: 1846, 1856 da 1866. A 1856 ganuwa ta fashe a wurare da yawa, ruwa ya shiga birnin Tur, ya cika ramukan haƙar dutse na Trélazé kusa da Anje, har sarki Napoleon na 3 ya zo ya duba ɓarna da kansa. A bangon gidaje da ginshiƙan gadoji, a kusan kowane gari, an zana layi an rubuta shekara, alamar inda ruwa ya kai. Na tsaya gaban wasu na ɗaga hannu, layin 1856 yana sama da yatsuna. Bayan ambaliya ta uku injiniyoyin hukuma suka sauya tunani. Suka rage tsayin ganuwar da gangan a wasu zaɓaɓɓun wurare, kamar Jargeau, don in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta nan ya malala cikin gonaki, maimakon ya zaɓi wurin fashewa da kansa a tsakiyar gari. Manoman da aka zaɓi gonakinsu ba su yi murna ba, kuma da yawa cikin wuraren da aka tsara ba a gina su ba saboda gardama. Yau mutum wajen dubu 300 ke zaune bayan waɗannan ganuwowi a tsakiyar kwarin. Mai keke yana wucewa bisa kawunansu cikin nishaɗi, su kuwa sun san abin da ke rubuce a bangonsu.

Faransawa suna kirarin Luwar da cewa shi ne kogin daji na ƙarshe a Turai, wanda ba a sa wa linzami ba. Kirari ne, kuma kirari ba ya rasa ƙari. Kogin da aka yi wa ganuwa tun shekara ɗari takwas, aka kuma gina masa madatsa a Villerest da wata a Naussac don a riƙa sako masa ruwa da zafi, ba za a ce da shi na daji ba. Abin da ke gaskiya shi ne, lokacin da hukuma ta so ƙara wasu manyan madatsu, mutanen kwarin sun tashi tsaye, suka yi zaman dirshan a Serre de la Fare, har gwamnati ta janye, ta fito da sabon shirin kula da kogin a 1994. Shekara guda bayan haka aka fara maganar hanyar keke, a 2000 kuma UNESCO ta sa kilomita 280 na kwarin, daga Sully zuwa Chalonnes, cikin kayan tarihin duniya. Abubuwan nan uku a jere suke, ɗaya ya buɗe wa ɗaya ƙofa.

Tsibiran rairayin nan suna da masu su. Wasu fararen tsuntsayen ruwa, sterne, suna zuwa kowace shekara daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma su yi ƙwai a kan rairayi tsirara, ba sheƙa ba komai. Lokacin ƙyanƙyasa perefe yakan fitar da doka ta hana kowa taka wasu tsibiran. Baƙi ne daga wajenmu da ba a tambayarsu biza, abin da ɗan Adam na Nijar ba zai ce ba, balle tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024. Rairayin kuma mayaudari ne: gefensa yakan zabtare ƙarƙashin ƙafa ya jefa mutum cikin rami. A Yulin 1969 yara 19 suka nutse rana ɗaya a Juigné, kusa da Anje. Komin zafin rana, kada mai keke ya ce zai shiga ya yi wanka inda bai ga alamar izini ba.

Yanzu mu komo kan iska, domin nan ne labarin ya shafi ƴan kasuwa. Daga Orleyan zuwa teku kogin ya miƙe gabas da yamma. Ruwa na gangarawa yamma, iska na busowa gabas. Ma'ana, jirgi yana iya gangarawa da ƙarfin ruwa, ya komo da ƙarfin iska, in ya ɗaga babban ƙyallensa mai kusurwa huɗu. Koguna kaɗan ne Allah ya ba wannan baiwa. Saboda haka kafin zuwan jirgin ƙasa, Luwar shi ne babbar hanyar fatauci ta Faransa. Jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi, waɗanda ba su bukatar zurfi, sukan ɗaure da juna su hau kamar ayarin raƙuma, ɗauke da gishirin bakin teku, da kifi, da baƙin dutsen rufin ɗaki na Trélazé, da sukari. Masu gangarowa kuwa suna ɗauke da itace, da gawayin ƙasa, da giyar inabi. A Orleyan ake sauke kaya a ɗora bisa amalanke zuwa Paris.

Fataken nan suna da ƙungiya tun ƙarni na 14, mazauninta a Orleyan, sunanta ƙungiyar ƴan kasuwa masu bin kogin Luwar. Aikinta biyu. Na farko, tana karɓar wani ɗan kuɗi bisa kaya, ta biya masu share hanyar ruwa, su cire kututture, su kafa sanduna don matuƙi ya san inda zurfi yake. Na biyu, tana kai ƙarar masu sarauta da ke tare kogi suna karɓar kuɗin wucewa, domin a lokacin kusan kowane mai fada a bakin ruwa yana da shingensa. Shari'a bayan shari'a suka yi ta yi, wasu su ci, wasu su faɗi, har aka rushe ƙungiyar a ƙarshen ƙarni na 18. Duk direban da ya taɓa ƙirga shingaye tsakanin Kwatano da Maraɗi zai gane abin da ya haɗa kan mutanen nan. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya ga kuka ba, sun sa hannu cikin aljihu sun gyara hanyar da suke ci da ita, kuma wannan ne ya ba su bakin magana gaban sarki.

Can ƙasa, tsakanin Anje da Nant, akwai wani ƙaramin gari, Ingrandes, wanda mai keke zai iya wucewa cikin minti biyar bai san ya taka tsohuwar iyaka ba. A nan ƙasar Bretagne ta ƙare, Anjou ta fara. Mutanen Bretagne ba su biyan harajin gishiri na sarki, mutanen Anjou suna biya mai tsanani, sai farashin gishiri ya ninka sau da yawa daga wannan gefen titi zuwa wancan. Sauran labarin kowa ya san shi ba sai an faɗa ba: ofishin duwan, ma'aikata da bindigogi, da ƴan sumoga masu ratsa daji da dare, maza da mata har da karnukan da aka koya wa ɗaukar kaya. Ba a soke harajin ba sai 1790, lokacin juyin juya hali.

Abin da ya kashe wannan duniya duka ƙarfe ne. Jirgin ƙasa ya iso Orleyan a 1843, Tur a 1846, Nant a 1851. Shi ba ya jiran iska, ba ya tsayawa don ruwa ya janye. Cikin shekaru kaɗan matuƙa suka watse, tashoshi suka zama kango. Haka ayarin Tarabulus ya mutu a hannun Damagaram da Kano bayan da dogo ya iso Kano a 1911. Yau a garuruwa kamar Bréhémont mutum zai ga dogon bakin tasha da aka shimfiɗe da dutse, da zobban ƙarfe na ɗaure jirgi, ga faɗi kamar za a sauke kayan gari goma, amma babu kowa sai masu keke suna cin burodi. Wasu masu sha'awa sun sake sassaƙa jiragen irin na da suna ɗaukar baƙi, kuma tun 2003 Orleyan tana tara su bikin kogi duk bayan shekara biyu.

Masu keken nan dai su ne sabon ayari. Sun haura miliyan a shekara, kuma ba matasa masu tsere ba ne mafi yawansu. Tsofaffi ne da suka yi ritaya, da iyaye masu jan yara cikin ɗan amalanke, da Jamusawa da ƴan Holan da jakunkuna biyu a bayan keke. Da yawa yanzu kekunansu masu batir ne. Mai mota yakan ratsa ƙauye bai sayi ko ruwa ba. Mai keke kuwa cikinsa ne injinsa: kowane kilomita ashirin ko talatin sai ya tsaya ya ci, ya sha, da dare ya nemi makwanci, kuma ba ya iya ɗaukar guzurin mako. Kuɗinsa a ƙananan garuruwa yake zubewa. An yi wata alama, Accueil Vélo, da ake ba masauki ko mai gyara ko mai haya da ke cikin kilomita 5 daga hanyar, in ya tanadi wurin ajiye keke da kayan gyara. Da lokacin zafinsu akwai jiragen ƙasa tsakanin Orleyan da bakin teku masu taragon kekuna, don wanda ya gaji ya koma. Dogon da ya kashe cinikin kogi shi ne yau ke yi wa masu keke dako.

A nan ba zan ɓoye ra'ayina ba. A garuruwanmu keke ya zama shaidar rashi. Ma'aikacin da ya zo ofis bisa keke sai a fara tambaya ko lafiya. A bakin Luwar na ga mutanen da ke da motoci a gida sun biya kuɗi don su bar su. Ba na cewa rana tasu irin tamu ce, ko kwaltarsu irin tamu. Amma abin da ya sa tsohuwa mai shekara saba'in ta hau keke a can bai wuce abu ɗaya ba: ta tabbata babu abin da zai taho daga baya ya kwashe ta. Ɗan lakwal na Tawa ko na Maraɗi da ke tuƙa keke kowace safiya bai sami wannan tabbaci ba, kuma ba kuɗi mai yawa ne ke sayensa ba.

Gidajen sarauta, waɗanda su ne mafi yawan baƙi ke zuwa gani, ba zan daɗe a kansu ba. Chambord, wanda sarki François na 1 ya fara a 1519, yana cikin daji mai katanga ta kilomita 32, kuma girmansa ya wuce misali, amma mai shi bai kwana ciki ba sai ƴan makonni. Bayan na uku ko na huɗu sai su fara kama da juna a idon mai tafiya.

Ɗaya ne ya tsayar da ni, na Ambuwaz. Jama'a na tururuwa can don kabarin Leonardo da Vinci, mai zanen Italiya da ya mutu a garin a 1519. Amma a can bayan lambun fadar, bisa tudu, akwai wasu kaburbura da ba kowa ke hawa ya gani ba. Amir Abdulƙadir na Aljeriya, bayan ya yi shekara goma sha biyar yana yaƙi da Faransa, ya ajiye makami a Disamban 1847 bisa alkawarin za a kai shi Iskandariya ko Akka. Ba a cika alkawarin ba. Aka tsare shi a Toulon, aka kai shi Pau, sa'an nan a Nuwamban 1848 aka kawo shi wannan fada tare da iyalinsa da mabiyansa. Shekara huɗu suka yi a nan, mutanen rana cikin ɗakunan dutse masu sanyi da danshi, suna kallon kogi ta taga. Mutum 25 daga cikinsu suka rasu, da yawansu yara ƙanana. A Oktoban 1852 Louis-Napoléon ya zo da kansa ya sanar da shi an sake shi. Ya tafi Bursa, daga nan Dimashƙa, inda a 1860 ya buɗe gidansa ya kare Kiristoci daga masu kisa, har waɗanda suka tsare shi suka ba shi lambar girma. A 2005 wani mai zane ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya shirya wa mamatan lambu: duwatsu 25 da aka kawo daga Halab, da wani layin tsirrai da ya miƙe ya nuna alƙibla. Na yi musu addu'a, Allah ya jiƙansu. A ƙasa, bakin kogi, an kafa wa Amir wani hoton ƙarfe a Fabrairun 2022, amma wasu suka lalata gindinsa da dare tun kafin a buɗe shi. Aka yi bikin duk da haka.

Akwai wani abu kuma da ɗan Nijar ba zai wuce bai ɗaga kai ba. Sau huɗu a kan hanyar, a Belleville, Dampierre, Saint-Laurent da kuma kusa da Chinon, manyan hasumiyoyi ko gine-ginen siminti sukan bayyana bayan itatuwa, farin tururi na tashi. Tashoshin wutar lantarki na nukiliya ne, an kafa su nan don su sha ruwan kogi su huce. Ta Chinon ta fara aiki tun 1963. Wajen kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga irin waɗannan tashoshi take fitowa, kuma shekara hamsin wani kaso na uraniyom da suke ci daga ƙasarmu yake zuwa: Somaïr ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak a Akokan daga 1978 har aka rufe ta a 2021. A Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mayar da Somaïr hannun ƙasa. Mutum yana tsaye bisa ganuwa, yana kallon tsohon da ke cajin batirin kekensa a bakin masauki, sai ya tuna cewa a gida kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta.

Ga wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, ga ƴan abubuwan da za su amfane shi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, sai a shirya barci da salla bisa haka. Masallatai suna manyan birane, Orleyan, Blois, Tur, Anje da Nant.  Kantunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana. A yi hattara da wani dakakken nama da ake shafawa a burodi, rillettes, abin alfaharin Tur, domin na alade ne. Cukun awaki da kifin kogi sun wadatar. In gora ta ƙare, masu keke na can sun san sirri: kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa.

Bayan Saumur, inda hanya ke kutsawa cikin kogunan farin dutse da mutane suka mayar gidaje da wurin noman naman kaza, kogin yana ƙara faɗi, sai a iso Nant. Gidajen attajiran da ke bakin tsohuwar tasha suna da kyau, kuma an san da me aka gina su. Nant ita ce babbar tashar cinikin bayi ta Faransa: jirage sama da 1.700 suka tashi daga nan, suka kwashi mutum fiye da rabin miliyan daga Afirka zuwa tsibiran Amurka. A takardun gonakin rake na Saint-Domingue, Haiti ta yau, ana samun bayin da aka rubuta “Aoussa” gaban sunansu. Sukarin da suka noma shi ne wanda jiragen nan masu ƙyalle suke haurawa da shi zuwa matatun Orleyan. A 2012 birnin ya buɗe wurin tunawa a bakin ruwa, an dasa ƙananan gilasai cikin daɓen hanya, kowane ɗauke da sunan jirgi ko na tasha. Hanyar keke ta bi ta kusa da su, kuma na ga masu saukowa su karanta, na ga masu wucewa.

Daga Nant saura tafiyar yini guda. A Le Pellerin akwai jirgin fito da ke ƙetarar da mutane da kekunansu kyauta. Daga nan sai a bi bakin tsohon kanal na Martinière, cikin fadamu da shanu, iska na ƙara ƙarfi, ruwa na sauya launi yana warin gishiri, har a wuce Paimbœuf. A Saint-Brevin kogin ya buɗe baki ya zama teku. A hannun dama ga gadar Saint-Nazaire da aka buɗe a 1975, mai tsawon fiye da kilomita uku, a ƙetare kuma ga ma'aikatar da ke ƙera manyan jiragen ruwa. A bakin rairayi akwai ƙasusuwan wani macijin ƙarfe mai tsawon mita 130, aikin wani mai zane ɗan asalin Sin, Huang Yong Ping, wanda ruwa ke rufewa ya buɗe sau biyu a yini. Allon da ke nan yana nuna cewa wannan wuri shi ne kuma mafarin wata hanyar keke mafi tsawo, EuroVelo 6, wadda ke komawa ta inda muka fito, ta bi kogin Rhin da na Danube har Bahar Aswad a ƙasar Rumaniya. Tashar jirgin ƙasa tana ƙetaren gada, kuma gadar ta motoci ce, ga iska mai ture mutum. Da lokacin zafi akwai motar da ke ɗaukar masu keke ta ƙetarar da su.